Kunun Inno

Asabar, da hantsi

Ranar Talatar da ta wuce komai ya juya mini, sai yau na samu na ɗauki biro.

Littafi ne ya jawo. Maman Hanifa maƙwabciyata ta ara mini wani, inda miji ya dawo daga tafiya, matar ta riƙe fuskarsa ta ce tana hango kanta a cikin idonsa. Na ce bari ni ma in gwada. Mijina Sirajo ya dawo daga Argungu da la'asar, taɓon fadama har ƙwauri, yana warin albasa. Na tare shi a bakin ƙofa na ce ya tsaya in duba wani abu.

"Mi kuma anka karanto yau, Nuri?"

Na ce shi dai ya tsaya. Ya tsaya yana dariya, ya zaro ido kamar mai jiran a hure masa tsakuwa. Na duba. Ban ga kaina ba. Farin idonsa na gani ya koma ruwan ɗorawa, duka biyun.

Ya ce rana ce da hayaƙin injin ban-ruwa. Washegari da safe ya yi amai. Ranar Alhamis aka ba shi gado.

A takardar nan kaɗai nake iya kiran sunansa. A baki Yaya nake ce masa. Sirajo. Sirajo. To, na rubuta.

Lahadi, bayan azahar

Likitarsa mace ce, Dakta Mansura, gajeruwa, ba ta ɓata magana. Ta sa na kwaso duk wani magani da ke gidanmu na Gwadangaji a leda, na zube mata a tebur. Ta ɗauki wata farar ƙwaya doguwa ta ce tun yaushe yake shan ta.

Tun bara ne, lokacin da injin ban-ruwa ya suɓuce musu a gona ya tare shi shi kaɗai, bayansa ya amsa. Wani likita ya rubuta masa ita ta ɗan lokaci. Da ta ƙare ya koma kemis da takardar. Da takardar ta yage, mai kemis ya riga ya san fuskarsa.

Ta ce ƙwayar kaya biyu ce a buhu ɗaya. Akwai mai ƙarfin da ke kwantar da ciwon, wanda jiki ke sabawa da shi har ya riƙa nema. Akwai kuma farasitamol, irin wanda kowa ke sha. Mutane mai ƙarfin suke tsoro, ba su tuna na biyun, alhali shi ne hanta ke ɗauka. In mutum ya ƙara ƙwaya don ciwo ya ƙi ji, ya ƙara wa hanta kaya bai sani ba.

Sai ta dubi takardar gwajin jini, ta dube shi.

"Malam, ban da wannan, me kake sha?"

"Babu komi, Dakta."

"Na mura? Na gargajiya? Na masu talla?"

"Wallahi ko ɗaya."

Ta ce watannin da ya yi a kan ƙwayar sun yi yawa, babu ko shakka. Amma abin da jininsa ya nuna ya fi abin da ya lissafa mata. Akwai wata ƙofa da maganin ke shigowa.

Na san Sirajo. In zai yi ƙarya kunnensa yake sosawa. Bai sosa ba.

Litinin, da safe

Wace ƙofa?

Litinin, da la'asar

Ni ban ma san inda hanta take ba. A littattafai zuciya kawai ake da ita. Ita ke bugawa, ita ke karyewa, ita ke narkewa. Ban taɓa karanta inda wata ta damu da hantar mijinta ba.

Da zan dawo gida ɗauko kaya na sa mai Keke ya tsaya wurin mahauta. Na ce a nuna mini hantar rago sukutum, kafin a yanka. Mahaucin ya ce, "Hajiya, saye za ki ko kallo?" Na ce kallo. Ya ɗora mini ita a tafin hannu a kan takarda. Tana da nauyi, ga santsi, ga laushi kamar za ta tsage in ka matsa. Na tambaye shi ko yana gane marar lafiya. Ya ce tun daga nesa, launinta kan kwashe, ta yi tauri. Na ce tana komawa daidai? Ya ce shi dai bai taɓa ganin ta rayayye ba.

Na saya don kunya. Na ba Maman Hanifa.

Laraba, da hantsi

Dakta ta kira ni waje ni kaɗai. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Ta dai ce in aka tsayar da komai yanzu, hanta tana da haƙuri, takan gyara kanta. Wannan rabin na riƙe.

An raba shi da farar ƙwayar, ana ba shi wata a hankali don kada jikin ya yi bore. Duk da haka yana yi. Gumi, hamma, ƙafa ba ta zama wuri ɗaya. Jiya ya yi mini tsawa a kan filo. Bai taɓa ba. Bayan nan ya juya bango ya ce, "Ba ni na ba, Nuri." Na ce na sani.

Alhamis, bayan azahar

Inno ta aiko da kunu daga Argungu, a fulas, ta hannun direban da ke lodin Birnin Kebbi.

Inno mahaifiyarsa ce, shi ne ɗanta na fari. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In ya shiga gaishe ta, bango take amsa wa. In dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ko asibitin ba ta zo ba, kuma kowa ya san ba za ta zo ba. Kunyar ɗan fari ke nan, ta mutanen da. Ni abin yana ba ni mamaki har yau. Ina mutum ke ajiye son da ba ya faɗa? Dole yana da wurin da yake taruwa.

Da ya ga fulas ɗin fuskarsa ta sake, karon farko a satin nan. Ya sha rabin kofi. Ya ce duk ranar da ya kwana Argungu wajen aikin gona, in ya dawo daga fadama sai ya iske kunun nan a ɗakinsa, da safe ma haka. Ƙanwarsa Kausar ke kawowa, ba a cewa daga wa.

"Da ɗan ɗaci-ɗaci, tsamiya ta ka yawa. Amma ina sha bayan ga shi kwanta. Albarkar uwa ta, Nuri, ba ta cikin littahinku."

Na ce tana ciki, shi ne bai karanta ba.

Juma'a, da safe

Na wanke fulas. A ƙasansa akwai wani farin gari da ya kwanta, mai tsakuwa-tsakuwa. Gasarar gero ba ta yin haka. Na ɗanɗana a kan yatsa. Ɗaci har ƙeya.

Na tace shi a ƙyalle na shanya a kan faranti.

Juma'a, da yamma

Allah ya yafe mini abin da na yi ta saƙawa yau. Duk littafin da na taɓa karantawa ya taso mini. In aka ga gari a abinci, to akwai mai baƙar zuciya. Na zauna ina jera mutane. Direban? Bai ma san mu ba. Abokan cinikinsa na albasa? Kausar, wadda shi ke biya mata makaranta? Na kai har kan Inno, sai na ji kunyar kaina na tashi na yi alwala.

A littafi da yanzu na ji wani yana waya a bayan ɗaki, asiri ya tonu. Ni babu wanda ya yi waya. Sai farantina a kan taga.

Asabar, bayan la'asar

Na kira Kausar. Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar zafi da farashin albasa, har ta ce, "Anti Nuriyya, hwaɗi abin da kika so, katinki na ƙarewa."

Na ce me ake sa wa kunun Yaya.

"Gero da tsamiya. Sai maganin Inno."

Haka ta faɗa, kamar ta ce sukari.

Wai akwai mai tallar magani a keke da ke bi ta unguwarsu. Tun ranar da Inno ta ga Yaya ya shigo gida yana dafa bango, ta kira mai tallar ta ce ya haɗa mata na ciwon baya mai kyau. Yana ƙulla mata a leda, farare manya da wasu masu launi. Ita ke dakawa da kanta a ɗan turmin yaji, ta zuba. Ba ta taɓa bari wani ya daka ba.

Na ce Yaya ya sani?

"Ƙaƙa za shi sani? In ya sani ai ya san ta damu da shi. Kashe ni za ta yi."

Na ce ta ɗauko mini hoton ledar. Ta ce, "Lahiya dai?" Na ce lafiya.

Litinin, da hantsi

Dakta Mansura ta ga hoton, ta ga garin. Ta ce fararen farasitamol ne. Masu launin ba za ta rantse ba, amma ba ta son su. Sannan ta ce, "To, ga ƙofar." Yana shan nasa na kemis, har yana ƙarawa, sannan ya je Argungu ya sha na uwa safe da yamma. Wata da watanni.

Ta ce ko cokali ɗaya kada ya ƙara. Na ce ba mugunta ba ce. Ta ce, "Na sani. Hanta ce ba ta sani ba." Da na fito na kira Kausar na gaya mata.

Talata, da yamma

An sallame mu. Za a riƙa komawa gwajin jini. Fulas na biyu ya iso tun kafin mu kwance kaya, na tuttular a bayan gida.

Na gaya wa direba ya ce wa Inno Yaya ya sha, ya gode.

Laraba, bayan azahar

Na faɗa wa Sirajo. Dole ne, don ya tambayi kunun.

Na zaci zai yi fushi, ko ya ce Inna lillahi. Sai ya zauna a bakin gado ya yi ta kallon hannunsa.

"Ita ka dakawa? Da hannunta?"

Na ce haka Kausar ta ce.

"Tun bara?"

Na ce tun bara.

Ya rufe fuska da hula. Na fita na ba shi wuri. Da na dawo da ruwa ya ce:

"Kak ki hwaɗa mata. Kin ji ko? Ke da Kausar duka. In taj ji ita ta, ba ta ƙara cin abinci. Na san ta."

Na ce to in ta ci gaba da aikowa?

"Ki zubar."

Na ce in ka je can fa, aka ajiye maka?

Ya ce in ƙara masa fanka.

Alhamis, da safe

Fulas na uku. Garin ƙasa ya fi na da yawa. Inno ta ji an ce bai warke ba, ta ƙara.

Asabar, da yamma

Na je Argungu yau, da sunan mayar da fulas da gaisuwa. Duk hanya motocin albasa ne, buhu a kan buhu. Shinkafar rani ta yi kore shar a fadama, ga zafi kamar a tanda. Na yi ta shirya magana a raina. Na shirya ta da kyau, har da inda zan tsaya in yi numfashi.

Na iske Inno a ƙarƙashin mangwaro tana tsinke zogale. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Amarya, kin taho cikin ranag ga? Ƙaƙa mutanen gidanku?"

Na ce lafiya lau.

"Duka-duka?"

Na ce da sauƙi. Ta ce madalla, ba ta ɗago ba. Amma hannunta ya tsaya a kan zogalen har sai da na ce da sauƙi.

Ta sa aka kawo mini fura da soyayyen kifi, ta yi ta mini tsiyar na rame, wai matan birni karatu suke ci. Na yi dariya. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar ɗan turmi. Ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar mai gudun a ji. Kausar ta dube ni, na dube ta. Ta sunkuyar da kai.

Inno ta fito da fulas ta ajiye a gabana.

"Ki kai ma mai ciwon bayan nan na gidanku. In shina so."

Duk maganar da na shirya ta gudu. Yaya zan buɗe baki in yi wa surukata zancen jikin ɗanta, ɗan da ita kanta ba ta ambata? Na ce an gode, Allah ya ƙara girma. Na ɗauka da hannu biyu.

A hanya na roƙi direba ya tsaya, na zubar a gindin wata bishiya. Wata tsohuwa a motar ta ce, "Ɗiyag ga, abinci kika zubarwa?" Na ce ya lalace.

Lahadi

Ban karanta komai ba yau. Na buɗe na rufe.

Talata, da hantsi

Gwajin jini ya nuna ciwon ya fara sauka. Dakta ta ce kaɗan ne, kada mu yi biki. Idon ma ya fara washewa ta gefe. Ya ci tuwo da miyar kuka, ya nemi ƙari.

Kausar ta gwada ta nata ɓangaren. Ta ce wa Inno wai ta ji a rediyo maganin masu keke ba shi da kyau. Inno ta ce rediyo bai taɓa ciwon baya ba. Ta ɓoye ledar, Inno ta sayi wata. Da ta matsa, aka ce mata yaushe aka haife ta.

Na yi tunanin Kawu Tamba, ƙanin Inno, ko shi zai iya. Amma in ya ji, duk dangi sun ji, har Augie. Za a ce Inno ce ta kusa sa ɗanta ya… Ba zan ƙarasa ba.

Laraba, bayan la'asar

Abin da ke ba ni mamaki, ban ji haushinta ba ko kaɗan. Na nema a raina ban samu ba. Ina ta tuna ƙarar turmin nan. Mace ta yi shekara talatin da wani abu tana amsa wa bango gaisuwa, sai ta samu hanya ɗaya tak, ta cikin kofi. Ni kuma in je in toshe.

Amma kuma ni ce na tsaya a barandar asibiti na ji abin da na ji.

Alhamis, da yamma

Masu aikin gona sun kira. An gama cire albasa, tana zube a rana, in ba a shigar da ita rumbu ba za ta ruɓe. Sirajo ya ce ranar Litinin zai tafi, zai yi kwanaki. Dakta ta yarda in dai ba zai ɗaga komai ba, tsayawa kawai zai yi ya nuna.

Na ce kunun fa?

"Ba ni sha."

Na ce Yaya, dube ni. Kausar ta ajiye maka, Inno na zaune a tsakar gida tana jiran a fito da kofi. Za ka mayar mata da shi cike?

"Sai in zubar."

A ina? Ɗakin taga ɗaya gare shi, kuma tsakar gidan take kallo.

"Kurɓi guda ba ya kashe mutum, Nuri."

Ya sosa kunne.

Juma'a, da safe

Kurɓi guda.

Juma'a, bayan sallar Juma'a

Na tambayi Maman Hanifa, ba tare da na kama suna ba, in mace ta rasa yadda za ta yi tsakanin umarnin miji da lafiyarsa. Ta ce wane littafi ne wannan, ba ta karanta shi ba. Na ce sabo ne. Ta ce to yaya aka ƙare? Na ce ban kai ƙarshe ba. Ta dube ni da kyau, ta ce in an gama in ara mata, ta ƙara mini miya a kwano.

Asabar, da la'asar

Na zauna da shi bayan ya ci abinci. Na ce zan je in yi wa Inno magana, kuma ba zan yi a ɓoye ba, shi ya sa nake faɗa masa tun yanzu. Ba zan ce mata ita ta jawo ba, don ba ita kaɗai ba ce, ƙwayarsa ta riga tata shiga. Zan ce likita ta hana shi kowane irin magani, har wanda ake sawa a kunu, don ya taɓa masa hanta. Zan ce ta ci gaba da damawa, gero da tsamiya kawai, don babu abin da yake sha da daɗin rai kamarsa. In ta gane sauran da kanta, to ta gane. Inno ba yarinya ba ce.

"Ta san na sani ke nan."

Na ce e.

"Ba ta ƙara yarda mu haɗa hanya."

Na ce da ma bango take amsa wa. Ya yi 'yar dariya.

"Ke ba ki jin kunyatta?"

Na ce ina ji. Wancan karon ma ita ta hana ni.

Na jira ya ce bai yarda ba, don ban san abin da zan yi ba in ya faɗa. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya tashi ya ɗauki buta, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya.

"Motas sahe ta fi sanyi," ya ce, ya fita.

Asabar, bayan magariba

Na kira Kausar na ce gobe ta tafi gidan ƙawarta da hantsi, ta bar mu mu biyu. Na goge mayafina.

Gobe zan je Argungu in gaya wa Inno.